Ƙanjamau da Ciwon Damuwa: A Daina Ce Musu Ba Su da Tawakkali

Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a watan Mayun 2024, wata sabuwar magana ta shigo bakin mutanenmu: "Ai sun faɗi gwaji." Ana yin ta a majalisa, ana yin ta a teburin mai shayi da gidan suna, tun daga Kiru da Kafin Maiyaki har Tiga, Tudun Wada da Riruwai. An sa rana, an kai lefe, sai a wayi gari a ji an fasa. Kafin la'asar rabin gari ya san dalili, sauran rabin kuma ya ƙirƙiro nasa. Dokar ba ƙanjamau kaɗai ta ce a gwada ba, har da sikila da ciwon hanta, amma wa ya tsaya tambaya? Da zarar an fasa aure bayan gwaji, hukuncin da unguwa ke yankewa ɗaya ne.

Dokar dai ba ni da ja da ita. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne halin da wanda aka samu da ƙwayar cutar ke shiga a watannin farko, da irin maganar da muke tarbarsa da ita. Saurayi ne ko budurwa, ko matar aure da aka gano a wajen awo, ko magidancin da tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa har aka ce a duba jininsa. Sai ka ga mutum ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Tuwo ya kwana a kwano. Ba ya fita jam'i, ba ya leƙa gona ko da ciyawa ta shanye masara. Da dare idonsa biyu har kiran assalatu. Sai dangi su taru a kansa, kowa da fatawarsa. Wani ya ce cutar ce ta fara cinsa, wata ta ce sammu ne, a nemo mai ruƙiyya. Amma wadda ta fi yawa, ta kuma fi ba ni haushi, ita ce ta masu wa'azin tsaye: "Haba, kai ba Musulmi ba ne? Ina tawakkalinka? Wannan ai rashin yarda da ƙaddara ne."

Abin da ke damun wannan bawan Allah an san shi a asibiti, ciwon damuwa ne. Ba firgicin ranar farko nake nufi ba, wanda kowa zai yi, ya sha kukansa, ya kasa cin abinci kwana biyu, sannan ya fara dawowa hayyacinsa. Likitoci na kiransa ciwo idan ƙuncin ya zarce mako biyu kusan kullum, mutum ya daina jin daɗin abin da a da yake so, barci da ci suka rikice, ƙarfi ya ƙare, ya riƙa ganin ba shi da wani amfani, wani lokaci har ya ji gara ya mutu. Mutanenmu ba haka suke faɗinsa ba. Abin da za ka ji shi ne "kaina yana min nauyi", "ƙirjina ya cushe", "tunani ya yi min yawa". Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sama da mutum miliyan 280 na fama da shi, kuma bincike ya daɗe da nuna cewa masu ɗauke da HIV sun kusa ninka sauran jama'a wajen kamuwa da shi. Wani nazari da aka yi a Ingila ya nuna cewa hatsarin kashe kai ya fi tsanani a shekarar farko bayan an gano cutar.

Babban binciken ƙasa na 2018 ya ce kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da ƙwayar, kimanin mutum miliyan 1.9 a jimlace, amma a shiyyarmu ta arewa maso yamma kashi 0.6 ne, wato shida a cikin dubu. Ƙarancin nan alheri ne, sai dai yana da nasa ciwon. Inda masu cutar ba su da yawa, kuma kowannensu ya ɓoye, wanda ya karɓi sakamako yau gani yake shi kaɗai ne a faɗin ƙasar Kiru, alhali mai yiwuwa wanda suka haɗa sahu da shi da asuba ya shekara goma yana shan magani.

Gwajin kansa ba ya cin lokaci. A soki ɗan yatsa, a ɗiga jini a kan wata 'yar takarda siririya, a jira kamar minti 15. Layi ɗaya ya fito, shi ke nan. Layi biyu, sai a sake da wani abin gwajin daban don a tabbatar. Daga nan ma'aikaciyar lafiya za ta jawo kujera ta fara bayani: akwai magani, kyauta ne, ƙwaya ɗaya ce a rana. Tana yi yana gyaɗa kai, amma ko ɗaya bai shiga ba. Idonsa na kan layukan nan biyu, zuciyarsa kuwa tana can shekarun 1990, zamanin allunan gefen titi masu hoton ƙwarangwal, zamanin da ake wa cutar kirari da kabari kusa. Ko wanda ba a haifa ba a lokacin ya gaji wannan hoton daga bakin manya.

Alhali labarin ya daɗe da sauyawa. Tun 2016 Nijeriya ta koma tsarin fara magani da zarar an gano mutum, ba sai garkuwar jikinsa ta faɗi ba. Maganin da akasari ke sha yanzu, mai ɗauke da Dolutegravir, yakan danne ƙwayar cutar cikin wata uku zuwa shida har na'ura ta kasa ganinta a jini. Wanda ya kai wannan matsayi, ya kuma ci gaba da sha, ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar kwanciyar aure. Manyan bincike sun tabbatar da haka. Mai cikin da ba ta shan magani, hatsarin sa wa jaririnta yana tsakanin kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari, da magani kuwa yakan sauko ƙasa da kashi 5. Tsawon rai na Allah ne, amma a lissafin likitoci, wanda ya fara da wuri ya riƙe da gaske ya kusa daidai da kowa. Ke nan abu na farko da ke jefa mutum cikin damuwa tsohon labari ne da ba a goge masa ba.

To mu dawo kan maganar tawakkali, don a nan gizo ke saƙa. Ina so masu wannan wa'azi su gaya min a wane littafi suka karanta cewa mumini ba ya shiga ƙunci. Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har ganinsa ya tafi. Su wa suka yi masa faɗa a kan haka? 'Ya'yansa, waɗanda su ne suka jefa yaron a rijiya. Allah bai zarge shi ba, haƙurinsa ma ake buga misali da shi har gobe. A tarihin Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, akwai shekarar da malamai suka sa wa suna shekarar baƙin ciki, wadda Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu a cikinta, kuma ya zubar da hawaye ranar da ya rasa ɗansa Ibrahim.

Amma wadda labarinta ya fi dacewa da mu a nan ita ce Nana Maryam. Lokacin da naƙuda ta kai ta gindin dabino ita kaɗai, har mutuwa ta yi wa kanta fata. Malaman tafsiri da dama sun ce ba zafin haihuwa kaɗai ya kai ta ga haka ba, har da tunanin abin da mutanen garinsu za su jefe ta da shi, ita da ba ta aikata komai ba. Da me aka amsa mata? Ba a ce imaninta ya yi rauni ba. An kwantar mata da hankali, an ba ta ruwa da nunannen dabino, an kuma ɗauke mata nauyin yi wa mutane bayani. Lallashi, abinci, da kariya daga bakin jama'a. Mu kuwa sai mu hana duka ukun, mu miƙa wa'azi. 'Yan'uwanmu Kirista na Tudun Wada da Doguwa su ma suna da irin wannan a Littafi Mai Tsarki: Annabi Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa a jeji, aka bar shi ya yi barci, aka tashe shi aka ba shi abinci da ruwa.

Sannan ciwon nan yana da tushe a jiki. Ƙwayar cutar kanta tana isa ƙwaƙwalwa tun a farkon kamuwa, tana kuma tayar da kumburi a cikin jiki wanda ke taɓa barci da kuzari da walwala. Ga wata hujja da duk wanda ya daɗe a layin karɓar magani ya sani. Kafin Dolutegravir, akasari Efavirenz ake bayarwa. Mutane da yawa da suka fara shi sun yi fama da jiri, munanan mafarkai da ƙuncin da ba su san dalilinsa ba, wasu har da tunanin kashe kai. Da aka sauya musu magani, da yawansu suka warware. To tsohuwar ƙwayar ce ta rage musu imani, sabuwar ta dawo musu da shi? Wannan matsala na daga cikin dalilan da suka sa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita Dolutegravir, duk da shi ma yana hana wasu barci.

Kuma ba Turawa suka fara faɗin haka ba. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta zuciya. A ciki ya raba baƙin cikin da ke da sanannen dalili, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, da wanda ke danne mutum ya hana shi komai, wanda ya ce daga jiki yake kuma yana buƙatar magani. Sama da shekara dubu ke nan, mu har yanzu muna musu.

Abin da masu wa'azin tsaye ba su lura da shi ba, ganin laifin kai yana cikin alamomin ciwon. Tun kafin ka buɗe baki, mutumin ya riga ya yanke wa kansa hukunci: Allah Yana fushi da ni, na ɓata sunan gidanmu, addu'ata ba ta wuce rufin ɗaki. Sai ka zo ka ƙara masa da cewa ko tawakkali ba shi da shi. Me ka bar masa? Abin da zai koya daga nasiharka shi ne ya daina faɗa. Gobe ka ce ya jiki, ya ce alhamdu lillahi, ka tafi kana murna magana ta shiga. Shi kuwa ya ajiye magani, don wanda ya fid da rai ba ya damuwa da ƙarfe tara na dare ta yi ko ba ta yi ba. Wannan sananne ne a likitance: mai ciwon damuwa ya fi saurin tsallake ƙwaya da ƙin komawa asibiti. Ƙwayar cutar ta farfaɗo, tarin fuka ya samu ƙofa. Ranar jana'iza kuma a ce, "Ba mun faɗa ba? Cutar nan ba ta da magani."

Ba cewa nake a bar addu'a ba. Addu'a da karatun Alƙur'ani da zama cikin jama'ar masallaci suna daga cikin abin da ke riƙe mutum, likitocin ƙwaƙwalwa ma ba su musa ba. Amma tawakkalin da aka koya mana shi ne na ɗaure raƙumi tukuna. Duk Kiru babu manomin da zai ga tsutsa ta faɗa wa masararsa ya tsaya a bakin gona yana yi mata nasiha. Maganin feshi zai nemo ko da bashi ne, sannan ya ɗaga hannu ya roƙi Allah. Don me sai a kan ɗan'uwansa neman magani zai zama rashin yarda da ƙaddara?

Wa'azin tawakkali yana da 'yar'uwa, wadda ba a faɗinta sai mara lafiya ya ba da baya: "Ai shi ya jawo wa kansa." Tsangwama tana kan gaba a cikin abubuwan da ke kai mai cutar ga ciwon damuwa, binciken da aka yi a ƙasashen Afirka ya sha ambatonta. Gaskiya ne akasarin kamuwa ta hanyar saduwa ne, amma saduwa ai har da ta aure. Yarinya nawa aka ɗaura wa aure da wanda ya dawo daga cirani da cutar, ko wanda matarsa ta rasu bayan "doguwar jinya" da ba wanda ya kira sunanta? Ga wanda aka haifa da ita, ga ƙarin jinin da ba a tantance ba, ga allurar da ɗan kemis ya yi wa mutum biyar da ita. Shari'ar da muke tinƙaho da ita bulala 80 ta yanke wa wanda ya jefi kamammiya da zina ba tare da shaidu huɗu ba, kuma takardar asibiti ba ta cikin shaidun. Ko da ma ta hanyar saɓo mutum ya kamu, tsakaninsa da Ubangijinsa ne, makullin ƙofar tuba ba a aljihunka yake ba.

Mata su suka fi shan wannan ukuba. Dama ciwon damuwa ya fi yawa a cikinsu ko'ina a duniya, sai kuma ga wani tarko: saboda awon ciki, ita ake fara gwadawa, don haka ita ake fara zargi. Ta dawo daga asibiti da ciki wata biyar da maganar da ta rasa inda za ta ajiye ta. In ta faɗa wa maigida, tana tsoron takarda. In ta yi shiru, ga kishiya, ga shi kansa. Sau da yawa ya ƙi zuwa a gwada shi, ya kore ta, uwar miji ta karɓe 'ya'ya, bayan 'yan watanni ya nemi ya auro wata 'yar mutane. Wata Ba'amurkiya mai nazarin zamantakewa, Kathryn Rhine, ta yi shekaru tana bibiyar rayuwar irin waɗannan mata a Kano, ta fitar da littafi a 2016, kuma abin da ya mamaye shi shi ne faɗi-tashin da suke yi don rufa wa kansu asiri.

Riƙon sirri kuwa aiki ne mai cin rai. Robar maganin tana ƙara in an motsa ta, shi ya sa za ka ga mace ta ɓare takardar jikinta, ta cusa auduga a ciki, ta tura ta can ƙasan akwati, ta jira kowa ya yi barci sannan ta haɗiyi ƙwayar da yawu don kada a ji motsin randa. Wani ya baro Doguwa, ya ratsa dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada, ya wuce Kwanar Dangora, sai birnin Kano, don kawai a asibitin kusa da gida akwai ɗan unguwarsu a ɗakin kati. Magani kyauta ne, mota ba kyauta ba ce, balle tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. Ranar da babu kuɗin mota, ga fargabar magani zai ƙare, ga shi ba wanda zai ranta masa ba tare da ya tambaye shi ina za shi ba. Talauci, yunwa da rashin abin yi, kowannensu kan jawo damuwa shi kaɗai, ina ga sun haɗu da wannan. Da Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje a Janairun 2025, raɗe-raɗin cewa magani zai yanke ya zama wani sabon abin hana barci.

Akwai sauran dalilan da ke jawo ciwon damuwar: wanda ya taɓa yin ciwon damuwa ko yake da shi a dangi, wanda aka gano a makare jiki ya riga ya yi laushi, wanda bai daɗe da rasa miji ko ɗa ba, ƙuruciya, da shaye-shaye, wanda mu da ke da cibiyar gyaran hali a Kiru ba sai an yi mana dogon bayaninsa ba.

Kai da ka karɓi sakamako kwanan nan, ko ke, ku saurare ni. Kada ka yanke wani babban hukunci a watan farko: kada ka saki mata, kada ka sayar da gona, kada ka bar gari. Ka fara magani ranar da aka ce ka fara, ka ɗaura shi da lokacin da ba ka mantawa, kamar bayan sallar isha'i, wanda zai sauƙaƙa maka ma in azumi ya zo. Ka koma asibiti ka sake tambayar duk abin da aka gaya maka ranar farko, don ba ka ji ba. Ka zaɓi mutum ɗaya tak, wanda ka san cikinsa ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ka faɗa masa. Ba dole ne ya zama mafi kusa da kai a jini ba. In faɗa wa miji ko mata ne ya gagara, ma'aikatan sun saba da wannan, sai a kira ku tare, a gwada ku tare, a yi maganar a gabansu. Ka tambayi ƙungiyar masu ɗauke da cutar da ke haɗuwa a inda kake karɓar magani. Suna da uwar ƙungiya ta ƙasa, NEPWHAN, mai reshe a Kano. Ganin wanda ya shekara goma sha biyar yana sha, ga jiki ga 'ya'ya masu lafiya, ya fi bayanin likita goma. A irin wannan zama zawarawa da dama suka samu mazan aure. Kuma ka riƙa fita, gona, kasuwa, jam'i, ko da ranka ba ya so, don ciwon damuwa a ɗaki yake ƙiba.

In an ce ya jiki a asibiti, kada ka tsaya a "da sauƙi". Ka ce ba na barci, ba na jin yunwa, ina jin na gaji da duniya. Akwai maganin wannan, irin su Amitriptyline da Fluoxetine. Ba sa kama mutum kamar Tramol, amma sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga aikinsu, kuma likita ne zai zaɓa don kada su yi karo da na ƙanjamau. Kada ka je kemis ka sayo ƙwayar barci da kanka. Ka kuma kiyayi masu lasifika a kasuwa da masu tallar waraka a TikTok, don wanda ya ɗimauce shi ne kasuwarsu. A 2007 Yahya Jammeh, yana shugaban Gambiya, ya ce yana warkar da ƙanjamau da haɗin ganyaye, ya sa mutane suka ajiye maganin asibiti, wasu suka mutu. Abin da ya gagari shugaban ƙasa, mai jarka a bayan mota ba zai iya shi ba.

Ku kuma dangi, aikinku bai kai wahalar da kuke zato ba. Ku ci abinci da shi a kwano ɗaya. Cutar ba ta bin kwano, buta, musabaha ko cizon sauro, kuma ranar da aka ware wa mutum kofinsa an gama gaya masa komai. Ku zauna da shi ko ba za a ce uffan ba. Ku raka shi asibiti, ku biya kuɗin mota ba gori. Kada ku tara masa 'yan dubiya. In kun ji yana cewa "gara in huta" ko "ku yafe ni", ko ya fara rabar da kayansa yana biyan ƙananan basuka, kada ku ce "a'uzu billahi, bar wannan magana" ku tashi. Ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawo masa. Mu manoma ne, kusan kowane gida akwai maganin feshi da na ƙwari: a kwashe su a kulle a wani gidan. Kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau, kuma ba sai mutum ya fara jifa ake kai shi can ba.

Ma'aikatan lafiya, ku ji tsoron Allah da bakinku. Dokar tarayya ta 2014 da ta hana nuna wa masu cutar wariya ta haramta bayyana matsayin mutum ba da izininsa ba. Sakamakon da ya riga mai shi isa gida, ta ina ya fita? Sannan ku ƙara tambaya biyu a kan awon nauyi da ƙirga ƙwaya: a mako biyun nan kana yawan jin ƙunci? Ka daina jin daɗin abin da ka saba? Ba za su ci muku minti ɗaya ba.

Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Nijeriya ana ƙiyasta ba su kai 300 ba, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da tsohon Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ba za ta haifo su dare ɗaya ba. Amma wasu sun nemo mafita. A Zimbabuwe likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, suna zama a benci a harabar asibitin unguwa suna sauraron masu damuwa, da yawansu masu ɗauke da HIV, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna abin yana aiki. A arewacin Yuganda, likita Etheldreda Nakimuli-Mpungu ta yi makamancinsa da zaman rukuni a ƙauyuka. Mu da muke da ungozomai da malaman Islamiyya mata a kowace unguwa, me zai hana Hukumar Yaƙi da Ƙanjamau ta Jihar Kano da shugabannin ƙananan hukumomin Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa su gwada?

Iyaye da waliyyai, ku gyara lokacin gwaji. Ku tura yara su yi shi a asirce tun maganar tana tsakanin gida biyu, kafin a kai kuɗin gaisuwa, kafin sa rana, kafin akwati ya shiga unguwa. In an fasa a lokacin ba wanda zai tanka, neman aure dama yakan watse. Na takardar da za a nuna wajen ɗaurin aure sai ya biyo baya. Limami ko faston da takardar ta biyo ta hannunsa kuwa, amana aka ba shi, ba abin hirar dare ba.

Idan a gidanku akwai wanda ya karɓi sakamako a 'yan watannin nan, kuma mako biyu ke nan ba ya barci ba ya ci, kada ku jira ranar da aka rubuta masa a kati. Ku sa shi a mota gobe da safe, ku gaya wa ma'aikacin da ke ba shi magani duk abin da kuka gani.